Allura ta Biyu

Jiddari Polo,
Maiduguri.
10 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga aminiyata Naomi,

"Ke dai ki buɗe mana ƙofar makaranta, Mu'mina. Sauran duk namu ne. Ko sisi ba zai fita daga jakarki ba, firji mai aiki da sola kuma cikin mako guda zai iso." Maganarki ce wannan, a kan tabarmar ɗakina kika yi ta, kina shan shayina. Na fara da ita ne don kada gaisuwa ta sanyaya min zuciya in kasa rubuta ta.

To, bayan haka, ina yi miki gaisuwa mai yawa da fatan kin koma Abuja lafiya. Yaya maigidanki Dzarma da ciwon bayansa, ya sami sauƙi? Yaya yara da karatu? Mu nan lafiya lau muke, irin lafiyar mutanen Maiduguri, wadda idan an wayi gari ba a ji ƙara ba sai a ce alhamdu lillahi. Har yanzu babu wuta. Wata tara ke nan tun da aka kayar da turakun lantarki a hanyar Damaturu, har yaran ajin farko sun ɗauka fankar da ke rataye a sama ado ce.

Na zaɓi takarda ne saboda wayarki ta koyi yin ƙara ba a ɗauka. Madu direba zai kawo miki har ofis, ya ce ya san wurin.

Ke da mutanen ƙungiyarku kun zo makarantata ranar Laraba da farar mota, kun yi wa yara allurar rigakafin mura, kun ɗauki hotuna, kafin la'asar kun kama hanyar filin jirgi. An ce min hoton ya yi kyau. Bari in ba ki labarin abin da bai shiga cikinsa ba.

Kin san rabin yaran makarantar nan 'ya'yan mutanen Konduga ne da rikici ya koro, suka zauna a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba. Mako uku na yi ina bin su gida gida da takardar izini. A gida na farko aka yi min dariya. Wata ta ce, Malama, mura ma sai allura? Citta da lemun tsami sun ƙare a kasuwa ne? A gida na biyu aka ce ta korona ce aka canja wa riga. A na uku maigidan ya ce in tafi in dawo, ya kuma tabbatar duk lokacin da na dawo ba ya nan. Ni da na karanta littattafan da suka fi nauyin kaina, na tsaya a ƙofar mutane kamar mai tallan kuka, ina gaishe su da yaren Kanuri, wushe, wushe, ana kallon takalmina.

Da ba don Ya Bintu ba, da ba ku sami yaro ashirin ba. Ita ce dattijuwar nan mai zanen kai baƙi wadda kika ɗauki jikanta Habib kika yi hoto da shi. Matan Konduga ba sa motsi sai ta motsa. Sanyin bara ta rasa ƙanwar Habib, tari ya sauka a ƙirjinta, kwana shida aka yi. Ta zaunar da ni ta tambaye ni abu ɗaya: Malama, ke kin san abin da ke cikin kwalbar nan? Na ce na sani, wadda ta kawo shi kuma tun muna kwalejin horar da malamai nake cin abinci kwano ɗaya da ita. Ta ce to ba ta san ƙungiyarku ba, ba ta san Abuja ba, ni ta sani. Washegari ta zo da mata sittin a bayanta.

Kin ce kyauta ce. Na yarda, ruwan da ke cikin kwalbar kyauta ne. Amma auduga ba ta zo ba, na aika aka sayo. Rumfa ba ta zo ba, na yi haya. Malam Saleh, ma'aikacin lafiyar da kuka ɗauka na yini ɗaya, ni na sallame shi da na keke napep. Yaro ba ya karɓar allura da yunwa, don haka aka dafa kunu tukunya biyu. Kwana biyu ba a yi darasi ba, ɗaya na allura, ɗaya na kukan da ya biyo baya. Ba lissafi nake aiko miki ba, na wuce nan. Ina so ne kawai idan kin tashi a taronku kina cewa "kyauta", ki san a kan wuyan wa kalmar take zaune.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Yara ɗari da arba'in da ba su kai shekara tara ba, kun ce sai an yi musu ta biyu bayan mako huɗu. Kun rubuta musu ranar a kati, Laraba uku ga Nuwamba. Kun bar min kwalabe goma sha huɗu a cikin kula, kowace ta yara goma, kuka ce in ajiye da sanyi kafin firjin ya iso. A ina? A garin da ruwan sanyi ya zama abin kai wa mara lafiya?

Na kai su shagon ƙanena Garzali mai sayar da ƙanƙara, shi ke da janareta. Ba ki taɓa ɗaukar kula a garin nan kina mace cikin hijabi ba, Naomi. Shingen jami'an tsaro uku ne tsakanina da shagon. A kowanne sai an ce in sauka, in ajiye kular can nesa, in buɗe ta da hannuna, kowa ya ja da baya yana kallona. Ban ga laifinsu ba, sun ga abin da suka gani. Amma kowane buɗewa rana ce ke shiga. Na isa shagon, na ce wa Garzali ya sa su a ƙaramin firjinsa, na ce ko me zai faru kada zafi ya taɓa su. Ya ce, Yaya, ki kwantar da hankalinki, sanyi sana'ata ce.

Makon da kika ce zai cika ranar Laraba. Ina sauraron firjin.

Ki gaida Dzarma da yara, ki ce wa autarki turaren wutar da ta ce in haɗa mata yana nan.

Taki,
Mu'mina Ajimi.


Jiddari Polo,
Maiduguri.
22 ga Oktoba, 2021.

Ƙawata Naomi,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kina lafiya ke da iyali. Yaya aiki, yaya gajiyar taro? Na ga saƙonki na layi biyu: ba a saki kuɗin firjin ba tukuna, in ƙara haƙuri. Na gode. Haƙurin ne kaɗai abin da ba ya lalacewa a garin nan ko babu wuta.

Ba sai kin yi gaggawa ba yanzu. Abin da za a sa a firjin ya mutu.

Zan ba ki labarin a hankali, domin ni ma a hankali na gane shi. Shekaranjiya na ɗauki Malam Saleh muka je shagon Garzali don ya duba kwalaben kafin rana ta matso. Muka tarar da ƙaramin firjin a buɗe, babu komai ciki sai ƙamshin zoɓo. Garzali ya taso yana murmushi kamar wanda ya yi abin a yaba. Ya ce man fetur ya yi tsada, janaretan ba zai iya ɗaukar firji da injin ƙanƙara tare ba, sai ya kashe firjin tun kwana goma da suka wuce. Amma kada in damu, ya ce, kayana ya ba su wuri mafi daraja a shagon. Ya buɗe babban injin, ya ɗaga jerin ƙanƙara, ya zaro kwalabena a cikin leda daga can ƙasa. Ya ce ya ji labarin wahalar da na sha a shinge, shi ya sa ya daskarar da su sosai kamar dutse, ko shinge goma za a buɗe su ba za su ji rana ba. Haka yake yi wa masu kai ƙanƙara garin Khaddamari.

Malam Saleh ya karɓi kwalba ɗaya ya juya ta a hannunsa. Ya ɗaga ta ya duba a haske. Sannan ya ce, Hajiya, wannan allurar sanyi take so, amma idan ta daskare ta tashi aiki. Ko ta narke, ko ta koma kamar yadda take a ido, ba za ta kare kowa ba.

Garzali ya ce wane irin magani ne sanyi ke kashe shi? Ya rantse sau uku. Ya ce shekara goma sha biyar yana wannan sana'a, bai taɓa ganin abin da ya lalace don ya yi sanyi da yawa ba. Da ya ga fuskata sai ya zauna a kan buhun gishiri, ya ce, Yaya, ke kika ce zafi. Ke kika ce zafi.

Gaskiya ya faɗa, wannan ne ya fi ci mini rai. Sau nawa na ce masa zafi? Ban taɓa ce masa ƙanƙara ba, domin ni ma ban sani ba. Mu mutanen garin nan abokin gāba ɗaya muka sani, rana. Da na dawo gida na zaro 'yar takardar da ke cikin kwalin, wadda aka ninke sau takwas, rubutunta kamar sawun tururuwa. Na sa tabarau. Yana nan a rubuce, layi ɗaya: kada a daskarar. Ni da nake karanta har takardar da aka ƙunshe ƙosai a ciki, ni da nake dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa, ban buɗe ta ba. Wannan kasona ne, na ɗauka, ba zan ɗora wa kowa ba.

Amma ki ɗauki naki. A takardar shirinku da kika bar min akwai yini guda na horar da mu a kan ajiya. Kin ce min an soke shi saboda kuɗin otal da na mota sun yi yawa, kika ce ai ni mai ilimi ce, zan gane. An rage yini ɗaya a Abuja, ya fito a injin ƙanƙarar Garzali. Haka kullum abin yake. Duk abin da kuka yanke a takarda ba ya ɓacewa, gangarowa yake yi har sai ya sami wanda ba shi da bakin cewa a'a.

Na gaji, Naomi. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba. Shekara goma sha biyu muna buɗe makarantar nan muna rufewa. An ƙone mana aji biyu, mun gina. Malamai sun gudu, mun nemo wasu. Duk wannan bai sa na ji kunyar haɗa ido da uwar yaro ba sai yanzu. Jiya Habib ya tsaya a ƙofar ofishina ya nuna min katinsa, kakarsa ta ɗinke masa shi cikin leda ta rataya masa a wuya don kada ya ɓata.

Malam Saleh ya ce idan an sami sabuwar allura, ko an ɗan wuce ranar babu laifi, muddin an yi kafin sanyi ya kankama. Kwalabe goma sha huɗu ne kawai. Jakar hannunki za ta ɗauke su. Ki faɗa min gaskiya ko za a samu, in san abin da zan gaya wa iyaye.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Mu'mina.


Jiddari Polo,
Maiduguri.
27 ga Oktoba, 2021.

Naomi,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Mu ma muna nan yadda kika sani. Iska ta fara juyawa da safe, yara sun fara zuwa da tari ɗaya ɗaya.

Jiya wayarki ta warke, kin kira ni da kanki. Minti ashirin kina magana. Na yi shiru ne ba don na yarda ba, sai don ina tsoron abin da zai fito daga bakina a gaban malamai. Yanzu zan maimaita miki abin da kika ce, a rubuce, ki gani da idonki ko za ki iya kallonsa.

Kin ce babu sabuwar allura a wannan zangon. Kin ce in bar kwalaben su narke, ai babu wanda zai gane, kamanninsu ɗaya. Kin ce ba za ta cutar da kowa ba, iyaka dai ba za ta yi aiki ba, kuma yaran sun riga sun sami ta farko. Kin ce a yi ranar Laraba kamar yadda aka tsara, a cike kati, a aiko da adadi, rahoto ya rufu lafiya. Idan ya rufu lafiya, baɗi kuɗi zai fito, firji zai zo, makarantu goma za su amfana. Idan kuwa aka ji an yi asara, masu ba da kuɗin za su janye, kuma kujerarki ma ba ta da tabbas. Kin ce in duba maslaha. Har kin ce idan Malam Saleh ya ƙi, akwai wani.

Na san ba ƙarya kike yi a kan kujerar ba. Na san Dzarma ba ya aiki, na san ke ce gidan. Na san yadda kuka bar garin nan da kayan jikinku, ban manta ba, ni na raka ku tasha. Shi ya sa na kwana ina neman hanyar da zan ce miki to. Wallahi na nema.

Sai ga Ya Bintu yau da hantsi. Ta zo da kwanon burabusko, da mata goma sha ɗaya da ban taɓa gani ba. 'Yan uwanta ne da ke zaune wajen Khaddamari. Ta ce ta gaya musu an yi wa Habib, hannunsa bai shanye ba, bai haukace ba, yana cin tuwo kamar jaki. Ta ce su ma suna so a rubuta 'ya'yansu. Ɗaya daga cikinsu ta ce mijinta ya hana, ta ce masa unguwa za ta. Ya Bintu ta dafa gwiwata ta ce musu, wannan ba ta ƙarya, idan ta ce ruwa ne to ku sha.

Na karɓi kwanon, na yi godiya, na ce su ba ni mako guda. Ban iya cin ko loma ba.

Ki gane abin da kike roƙona. Ba allura za a tsira wa yaran nan ba, ƙarya za a tsira musu, da hannuna a kan kafaɗarsu. Uwa za ta koma gida ta saki jiki, ta ce ɗanta ya tsira. Idan sanyi ya zo tari ya sauka a ƙirjinsa, za ta jira kwana ɗaya, biyu, uku, ta ce ai an yi masa rigakafi, mura ce kawai. Kwana ukun nan su ne ba a rubutawa a rahoto. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, Garzali ya riga ya ba rabin kasuwa labarin maganin da sanyi ke kashewa, don har yanzu abin yana ba shi mamaki. Ranar da zancen ya isa kunnen Ya Bintu daga bakin wani, ba ni kaɗai zan faɗi ba. Masu allurar ƙyanda za su zo, a rufe musu ƙofa. Masu ta sanƙarau za su zo, a rufe. Kin fi ni sanin shekara nawa aka yi kafin ƙofofin nan su fara buɗewa.

Kin tambaye ni nawa na kashe, za ki nemo min daga aljihunki. Ki bar kuɗinki. Abin da na kashe a wannan aikin ba a jaka yake ba. Maganata ce, wadda na yi shekara ashirin ina tarawa a unguwar nan, kuma saura kaɗan ta rage. Ba zan ƙarasa ta a kan rahotonku ba.

Ga abin da na yanke. Ina jiran ki har azahar ɗin ranar Talata, biyu ga Nuwamba. Ko dai kwalabe goma sha huɗu masu rai su iso hannun Malam Saleh, shi zai ajiye su a inda ya yarda da shi, ko kuma ki zo da ƙafarki ki tsaya kusa da ni. Ba na neman ki yi magana, ni zan yi. Ki tsaya kawai, su ga fuskar da suka gani ranar hoto.

Idan azahar ta yi babu ko ɗaya, ranar Laraba zan buɗe ƙofar makaranta kamar yadda aka rubuta a kati. Na riga na gaya wa bulama, mai unguwarmu, ya zo. Zan shimfiɗa tabarmi, in jera kwalaben a kan tebur, in gaya wa iyaye cewa maganin ya mutu, da yadda ya mutu. Zan fara da sunana, in ce ban karanta abin da ya kamata in karanta ba. Zan ce ƙanena ya yi kuskure da kyakkyawar niyya. Zan ce an yi alkawarin firji ba a kawo ba. Zan gaya musu yaransu rabin kariya gare su, duk wanda ya fara tari a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. Sannan zan rubuta duk wannan, har da abin da kika ce a waya, in aika wa shugabanninku da sa hannuna da na Malam Saleh.

Na san abin da zai biyo baya. Wasu za su cire 'ya'yansu daga makarantar. Wataƙila Ya Bintu ta tashi ta kaɗe zanenta ta fita ba ta ce min komai ba, kuma wannan zai fi zagi ciwo. Amma daga bakina za ta ji, a zaune a gabana.

Abu ɗaya ne ban yanke ba. Idan ta tambaye ni, ita wannan da kuke cin abinci kwano ɗaya, me ta ce da kika gaya mata? Ban taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, Naomi. Kina da kwana shida ki ba ni amsar da zan iya faɗa.

Ki gaishe min da Dzarma da yara. Su ba su yi min komai ba.

Ni ce,
Mu'mina Ajimi.